Koci ne ko 'yan wasa? Fashin baƙi kan rigimar magoya bayan ƙwallon kwando

Wasa goma kacal aka buga, ƙungiya ta ci uku an doke ta a bakwai, amma tuni magoya baya sun rabu gida biyu. Ɓangare ɗaya na cewa a sallami sabon kocin tun kafin wankin hula ya kai su dare, tunda salon da ya zo da shi bai haifar da komai ba sai jefe-jefen banza daga nesa. Ɗaya ɓangaren na cewa a yi haƙuri, sannu ba ta hana zuwa, mutumin bai ma gama sanin 'yan wasansa ba. Duk wanda ya taɓa goyon bayan ƙungiyar da ke ƙasan teburi ya san wannan gardama. Ina da aboki da ba ya kira na sai an doke mu, kuma gaisuwarsa ɗaya ce: "Malam, ka ga abin da mutuminka ya yi mana?" In mun ci, wayarsa ba ta da caji.

Abin da na lura da shi shi ne, ɓangarorin biyu kan yi musu ne a kan abin da ba shi ne ainihin matsalar ba. Kowa na tambaya ko salon mai kyau ne ko maras kyau, alhali babu wani salon kai hari da aka sani a gasar NBA ta Amurka da bai taɓa ɗaga wata ƙungiya ba, kuma bai taɓa kunyata wata ba. Tambayar da ta fi amfani ita ce: waɗannan mutum biyar da ke cikin fili, za su iya ɗaukar abin da aka ɗora musu? In ba za su iya ba, kocin zai rage kayan ko zai ci gaba da zuba musu ido?

Amma bari mu fara da abin da ake nufi da salon kai hari, don mutane da yawa suna ɗauka wani zane ne da koci ke yi a ɗan allonsa lokacin da ya nemi a tsayar da wasa. Wannan zane ƙaramin abu ne. Salo shi ne amsar da ƙungiya ta shirya wa tambayoyi kaɗan da ke dawowa kusan sau ɗari a kowane wasa: wa zai riƙe ƙwallo, ina sauran huɗun za su tsaya, wane irin jifa muke nema, kuma idan abokan hamayya suka toshe hanyar farko, mece ce ta biyu. Duk wannan cikin daƙiƙa 24, wa'adin da aka ɗora wa kowane hari tun 1954.

Ga hari ɗaya, mu kalle shi a hankali. Mai rarraba ƙwallo ya tsallako rabin fili, saura daƙiƙa 17. Dogon ƙungiyar ya baro gindin kwando ya zo ya tsaya cak a gefen mai tsaron, ya zama shinge. Mai ƙwallo ya goga kafaɗarsa ya wuce, mai tsaronsa ya maƙale. Yanzu dogon abokan hamayya yana da zaɓi biyu kuma duka ba daɗi: ya fito ya tare mai ƙwallo, ya bar namu dogon ya silale zuwa kwando, ko ya tsaya a baya ya bar mai ƙwallo ya yi jifa ba mai hana shi. Ya zaɓi ya fito. Dogonmu ya kutsa. Wanda zai iya ceton lamarin shi ne mai tsaron da ke gadin ɗan wasanmu na kusurwa, sai ya bar mutuminsa ya ruga ciki. Ƙwallo ta tashi zuwa kusurwa, ɗan wasanmu shi kaɗai, taku uku babu kowa kusa da shi. Ya jefa. Ta bugi ƙarfe ta fito.

Abokina zai ce salon ya gaza. Ni kuwa a wurina salon ya yi duk abin da aka ƙirƙire shi ya yi: ya tilasta wa mutum biyu bin mutum ɗaya, ya samar da jifa a buɗe daga kusurwa, inda layin maki uku ya fi kusa da kwando, ƙafa 22 maimakon 23 da inci 9 na sauran wurare. Abin da ya rage hannun ɗan wasa ne. To amma a nan ne nake ba abokina rabin gaskiyarsa. Idan wanda aka ajiye a kusurwar nan kowa ya san ba ya iya jifa daga nesa, mai tsaronsa ba zai jira a kutsa ba kafin ya bar shi. Tun farkon harin zai tare a tsakiya. Shingen ya zama aikin banza, mai ƙwallo ya wuce mutum ɗaya ya tarar da uku, gindin kwando ya cushe. Jifan da ake kira a buɗe, da gangan aka buɗe shi. Wanda ya sa mutumin a wurin kuwa koci ne.

Wannan ita ce maganar tazara, kuma kusan duk rigimar salon zamani a kanta take. Lissafin ba shi da wuya. Wanda ya jefa ƙwallo shida daga ciki ya ci uku, ya sami maki shida. Wanda ya jefa shida daga bayan layi ya ci biyu kacal, shi ma maki shida. Ke nan cin ɗaya bisa uku daga nesa daidai yake da cin rabi daga kusa. NBA ta kawo layin maki uku tun kakar 1979-80, amma sai da aka shafe shekaru da dama kafin ƙungiyoyi su ɗauki wannan lissafi da gaske. Yau ƙungiya kan jefa sama da 35 daga bayan layi a wasa ɗaya, ba a ganin komai. Tsofaffin masu kallo na ƙorafi cewa an lalata wasan, kuma wani lokacin, in ka ga jifa biyar a jere duk sun bugi ƙarfe, sai ka ji kamar ka bi bayansu.

Sai dai wannan yawan jifa daga nesa ya sa sakamakon wasa ɗaya, ko ma wasa goma, ba abin dogaro ba ne sosai. A ce ƙungiya ta jefa 36. Yau 13 sun shiga, jibi 10 suka shiga, daga wurare iri ɗaya, hannaye iri ɗaya. Bambancin ƙwallo uku ne kawai, amma maki tara ke nan, kuma wasanni da yawa ba su kai tazarar maki tara ba. Koci bai ƙara wayo yau ba, bai ƙara wauta jibi ba. A wasa na bakwai, wato na raba gardama, na zagayen ƙarshe na yankin Yamma a gasar NBA a 2018, Houston Rockets ta jefa 27 a jere daga bayan layi ba ko ɗaya da ta shiga, Golden State Warriors ta fitar da ita. Ƙungiyar da ta ci wasa 65 cikin 82 a kakar ce fa, da wannan salon. Har yau ana musu ko taurin kan kocinta Mike D'Antoni ne ya ƙi sauya dabara a daren, ko raunin da ya hana tauraronta Chris Paul buga wasanni biyun ƙarshe, ko kuwa tsautsayi ne da ba ya wuce ranarsa.

D'Antonin nan ma shi ne misalin da nake fara kawowa duk lokacin da aka ce salo shi ne komai. Ya karɓi Phoenix Suns a tsakiyar kakar 2003-04, ƙungiyar ta gama da nasara 29, rashin nasara 53. Da a lokacin aka tambayi magoya baya, ƙalilan ne za su ce sun ga wani gwani. A bazarar 2004 aka kawo Steve Nash. Kaka mai zuwa suka ci 62, suna gudu suna jifa kafin abokan hamayya su gama komawa gida, Nash ya zama gwarzon ɗan wasan gasar shekara biyu a jere. Koci ɗaya, tunani ɗaya, sai dai an sami wanda zai tuƙa motar. A 2012 aka kai wannan D'Antoni Los Angeles Lakers, inda ya tarar da Kobe Bryant, da dogaye biyu, Dwight Howard da Pau Gasol, da Nash ɗin da shekaru da rauni suka fara cin ƙarfinsa. Salon gudu da tazara ba ya son dogaye biyu a gindin kwando. Aka tura Gasol nesa da inda ya fi ƙwarewa, har ta kai an zaunar da shi a benci. Da ƙyar suka shiga zagayen fitar da gwani, wato wasannin neman kofi na ƙarshen kaka, San Antonio Spurs ta share su huɗu ba ko ɗaya.

Labarin salon alwatika ya fi wannan zafi. Tex Winter ne ya rene shi, Phil Jackson ya ci kofi 11 da shi, shida a Chicago Bulls da Michael Jordan da Scottie Pippen, biyar a Lakers. Salo ne da ke ajiye mutum uku a gefe ɗaya cikin siffar alwatika, biyu a ɗaya gefen, kowa na karanta motsin mai tsaro yana yanke shawara da kansa, ba jiran umarni daga benci ba. Da Jackson ya zama shugaban New York Knicks a 2014, ya ɗauko Derek Fisher, tsohon ɗan wasansa da bai taɓa horar da kowa ba, ya ce a buga alwatika. Suka ci 17 aka doke su 65. Magoya baya suka kasu kamar kullum: wasu suka ce zamani ya wuce salon, tunda yana haifar da jifa daga tsaka-tsaki, wurin da lissafi ya fi tsana, wasu suka ce ai alwatika ba ta taɓa cin kofi ba sai da Jordan ko Shaquille O'Neal ko Kobe a ciki. Ina ganin dukansu sun faɗi gaskiya, kuma gaskiyar biyu ba ta hana juna zama.

A waccan bazarar ta 2014, Jackson ya so Steve Kerr ne ya zo New York, Kerr ya zaɓi Golden State. A nan kuwa masu cewa koci ba ya canja komai su ne ke shan kunya. Warriors ba ƙungiya ce mai fama ba, ta ci 51 a ƙarƙashin Mark Jackson, kuma tana da Stephen Curry da Klay Thompson. Amma ita ce ta ƙarshe a gasar wajen yawan miƙa wa juna ƙwallo. Kerr ya sa musu burin miƙa ƙwallo sau 300 a wasa, ya sa Curry gudu ba tare da ƙwallo ba yana bi ta bayan shingaye, ya bar Draymond Green cikin biyar ɗin farko, ya lallashi Andre Iguodala ya koma benci. Kusan da mutanen da ya tarar, suka ci 67 suka ɗauki kofi a 2015. Har ma akwai ɓurɓushin alwatika a cikin salon, don Kerr ya buga wa Phil Jackson a Chicago. Ya ɗebi abin da ya dace da mutanensa ya bar saura.

Inda lamarin ya fi ba ni sha'awa, kuma inda nake so mu ɗan daɗe, shi ne abin da ya faru tsakanin Detroit da Cleveland a shekarun nan.

A 2023 Detroit Pistons ta ɗauko Monty Williams da kwantiragin shekara shida na dala miliyan 78.5. Ba wanda zai ce bai iya aiki ba: ya kai Phoenix wasan ƙarshe a 2021, ya zama gwarzon koci a 2022 bayan cin wasa 64. Detroit ta ci biyu cikin ukun farko, daga nan aka doke ta sau 28 a jere, jerin rashin nasara mafi tsawo da aka taɓa yi cikin kaka guda, sai ranar 30 ga Disamba ta samu ta doke Toronto Raptors. Ta gama da 14 da 68. Magoya baya sun yi ta kuka da abubuwa takamaimai, ba zagi kawai ba. Me ya sa aka fara kakar da Killian Hayes, wanda ba a tsoron jifansa, a gefen Cade Cunningham, aka bar Jaden Ivey a benci? Me ya sa ake fitar da biyar ɗin farko gaba ɗaya a zuba 'yan benci zalla? Wanda ya kalli wasanninsu ya ga abin da na kwatanta a sama: Cunningham ya wuce shinge ya tarar da bango, don ba wanda ke jan masu tsaro waje. Aka kori Williams bayan shekara ɗaya tak, ana bin ƙungiyar bashin sauran kuɗinsa.

A daidai wannan bazarar ta 2024, Cleveland Cavaliers ta kori J.B. Bickerstaff. Ya ci 48, ya kai zagaye na biyu, amma ƙorafin da ake yi a kansa shi ne harinsa ya yi nauyi, ba motsi, komai sai ya koma hannun Donovan Mitchell. Detroit ta ɗauke shi. Ta ci 44, fiye da ninki uku na bara, ta shiga zagayen fitar da gwani. Ita kuwa Cleveland ta kawo Kenny Atkinson, ta ci wasa 15 na farko a jere, ta gama da 64, da Mitchell da Darius Garland da Evan Mobley da Jarrett Allen, wato mutanen da Bickerstaff ya bari.

To wa ya yi gaskiya? Mutumin da aka ce shi ne cutar Cleveland ya zama maganin Detroit, kuma tafiyarsa ta yi wa Cleveland rana. In ka tsaya a nan za ka ce koci shi ne komai. Amma a leƙa ƙasa kaɗan. Detroit ba koci kaɗai ta sauya ba. Sabon shugaban harkokin wasanta, Trajan Langdon, ya kawo Tobias Harris da Tim Hardaway Jr. da Malik Beasley, manya masu jifa daga nesa, kuma Beasley shi kaɗai ya ci 319 daga bayan layi a kakar, na biyu a duk gasar. Bangon da ke gaban Cunningham ya rushe, ya shiga jerin taurarin gasar a karon farko. A Cleveland kuma, a kakar Bickerstaff ta ƙarshe, Garland ya karye a muƙamuƙi, an yi wa Mobley aiki a gwiwa, duka a watan Disamba. Atkinson ya cancanci yabo, ya ƙara gudu, ya ba Mobley ƙwallo a hannu, amma ya kuma sami mutane da lafiyarsu. Da zagayen fitar da gwani ya zo raunuka suka dawo, Indiana Pacers ta fitar da su a zagaye na biyu, inda Bickerstaff ma ya tsaya.

Akwai wani abu kuma da ke ruɗin ido. Galibi ba a korar koci sai ƙungiya ta kai ƙasan rijiya, lokacin da rauni da rashin sa'a da gajiya suka haɗu. Daga nan ko wa aka kawo, da wuya abu ya ƙara lalacewa. Ga shi ƙungiyar da ta gama a baya ita ke samun damar zaɓen matasa mafiya hazaƙa, kuma ɗan shekara 21 kan fi kansa na bara ko da ba wanda ya koya masa komai. Sabon koci sai ya girbe abin da bai shuka ba, a yi ta yi masa kirari.

Shi ya sa idan abokina ya kira, ba na fara duba teburi. Ina duba daga ina ake jifa. In yawancin jifan daga gindin kwando ne, ko kusurwa, ko jifan kyauta bayan an yi wa ɗan wasa keta, salon na numfashi ko da ƙwallo ba ta shiga. In kuwa kullum sai saura daƙiƙa uku tauraro ya ja da baya ya wurga ta da hannun mai tsaro a fuskarsa, akwai matsala ko da an ci wasan. Ina duba zubar da ƙwallo: a makonnin farko na sabon salo dole ta yi yawa, don wannan ya miƙa inda ya zaci abokinsa zai je, abokin ya tafi wani wuri. In bayan wasa 25 ko 30 irin kuskuren bai ragu ba, ko dai ba a fahimci kocin ba, ko an daina saurarensa, kuma na biyun ya fi muni. Ba na kuma yarda da yawan maki a wasa, don ƙungiya mai gudu za ta tara maki ko da ba ta iya ba. Ma'aunin da masana ke amfani da shi, maki nawa a kowane hari ɗari, shi ke raba gudu da iyawa.

Abin da na fi sa wa ido dai shi ne ko kocin na lanƙwasuwa. Wanda ya ga haɗin 'yan wasa biyar ba ya aiki wata guda cur, ya ci gaba da fitar da su don kada a ce ya janye maganarsa, wannan na yanke masa hukunci ko sunansa ya kai ina. A nan ina tare da masu gajen haƙuri. Haƙuri da salon da ke samar da jifa mai kyau daban, haƙuri da taurin kai daban.

Kuma kada a ɗauka teburi na faɗin gaskiya ko ga masu ƙungiya. Boston Celtics tana da 18 da 21 a Janairun 2022 ƙarƙashin sabon koci Ime Udoka, ana ta kiran a raba Jayson Tatum da Jaylen Brown, watan Yuni ya same su a wasan ƙarshe. Milwaukee Bucks kuwa ta kori Adrian Griffin a Janairun 2024 yana da 30 da 13.

Mike Brown ya ɗanɗani kowane gefe na wannan. A 2012 Lakers ta kore shi bayan wasa biyar kacal, yana ƙoƙarin koya wa taurari salon Princeton mai yawan miƙa ƙwallo da kutsawa ta baya. Shekara goma bayan haka ya karɓi Sacramento Kings, wadda ta yi kaka 16 ba ta shiga zagayen fitar da gwani ba. Ya ɗora harin a kan Domantas Sabonis, dogo mai iya miƙa ƙwallo hannu da hannu a saman da'ira, De'Aaron Fox na kutsawa da gudu, masu jifa na zagayawa. Suka ci 48, harinsu ya fi na kowa a gasar, aka zaɓe shi gwarzon koci ba wanda ya ja. A Disambar 2024 aka doke su sau biyar a jere. Na biyar ɗin da Detroit ne: Kings na gaba da maki uku, saura daƙiƙa kaɗan, Jaden Ivey, wanda a baya aka bari a benci, ya jefa daga kusurwa, Fox ya taɓa shi, ƙwallo ta shiga, ya ƙara da jifan kyauta. Aka tashi 114 da 113. Washegari aka kori Brown.